Lauyan da ya shiga jerin gwanaye, shi ne zai karɓo mini kuɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Tawa. Wani da nake kai wa kaya a Abijan ya riƙe mini kuɗin mota biyu tun bara, kullum sai gobe. Ɗana da ke karatu a Yamai ya nuna mini a waya wani babban ofishin lauyoyi da ke shelar an saka manyansu cikin jerin gwanayen duniya. Wane jeri ne wannan? In kai musu ƙarata, ko in nemi wani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fid da haƙƙinka.

Jerin da ɗanka ya gani ba na gwamnati ba ne, ba kuma na kotu ba. Kamfanoni ne masu zaman kansu ke fitar da shi duk shekara, kuma biyu suka fi suna, dukansu a Landan: Legal 500 da ya fara a 1987, da Chambers da ya biyo baya a 1990. Ofishin lauyoyi ne da kansa ke aika musu bayanin manyan ayyukan da ya yi a shekarar, haɗe da sunayen waɗanda ya yi wa aikin. Sai masu bincike su tuntuɓi waɗannan mutane, su ji ta bakin sauran lauyoyi, sannan su jera mutane hawa-hawa. A Chambers hawa na 1 shi ne ƙololuwa, ana sauka har na 6.

Ba zan ce maka aikin banza ba ne. Wanda ya daɗe a hawan sama, to bankuna da kamfanonin haƙar ma'adinai da na sadarwa sun gwada shi sun yaba, abokan sana'arsa ma sun sara masa. Amma dubi su wa aka tambaya. Ba a je tashar albasa ta Galmi an ji ra'ayin kowa ba. Lauyan da ya shekara ashirin yana karɓo wa ƴan kasuwa bashi, bai taɓa cike takardun nan da Turancin Ingilishi ba, ba za ka ga sunansa a ciki ba, kuma wannan bai rage masa komai ba. Akwai kuma wasu lambobin da sayensu ake yi: a biya kuɗin liyafa, a dawo da gilashi mai rubutun zinariya a ɗora kan tebur. Su Legal 500 da Chambers ba a sayen matsayi a wurinsu, sai dai ofishi yakan biya don a buga dogon bayaninsa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a tambayarka, wato kalmar "tun bara". Nijar da Kodibuwa duka suna cikin ƙasashe 17 na OHADA, masu dokar kasuwanci iri ɗaya bisa yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993. A wannan doka, wa'adin kai ƙara kan cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa shekara 2 ne. Idan ka ci gaba da jiran gobensa, ranar za ta zo da alƙali zai ce ka makara, ko da gaskiyarka a fili take. Kada ka bari damina ta sake zagayowa.

Dokar ta tanadi gajeriyar hanya ta neman umarnin biya. Lauya ya shigar da takarda, alƙali ya duba hujjoji, ya umarci mai bashi ya biya, in yana da ja kuma ya zo ya faɗa. Sharaɗin shi ne bashin ya tabbata, a san adadinsa, lokacin biyansa ya yi. Saboda haka tun yau tattara takardar lodi, da ta duwan, da rasit na abin da ya taɓa turo maka, da saƙonnin murya na WhatsApp inda ya amsa da bakinsa cewa kana binsa. Kada ka canza waya kafin a kwashe su. A ƙa'ida, kotun inda wanda ake bi yake zaune ake nufa, wato Abijan. Dokokin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, sun ba lauyan Nijar damar tsayawa a can, amma galibi yakan haɗa hannu da abokin aiki mazaunin garin.

To, wa za ka ɗauka? Fara tabbatar da sunansa yana cikin rajistar ƙungiyar lauyoyi ta Nijar, wadda batoniye ke shugabanta, domin ba duk mai kwat da jaka a ƙofar kotu ne metir, wato lauya mai rajista, ba. In ka zauna da shi, tambaye shi kai tsaye: ya taɓa karɓo bashi a Abijan, kuma da wa yake aiki a can? Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci a babban ofishi: wa zai riƙe dosiyena? Sau da yawa mai sunan da ke cikin jeri gaisuwa kawai za ku yi, aikin ya koma hannun matashin da ke koyon sana'a. Matashin na iya zama haziƙi, amma ya kamata ka san hakan kafin ka biya farashin maigidansa.

Maganar kuɗi kuma a rubuce: nawa ne ladansa, nawa ne na kotu da na wisiye mai kai sammaci, wa zai ɗauki kuɗin tafiya. Ka auna jimillar da kuɗin mota biyun nan. In babban ofishin ya amsa waɗannan tambayoyi ka gamsu, ba shi aikin. In ka ga ana kallon ƙararka a matsayin ƙaramin abu, nemi wanda zai ɗaga wayarka, ka sa ya aika wa mutumin takardar gargaɗi cikin wannan wata.