Gudu ko keken ɗaki: wanne ya dace da mai tumbi da ciwon gwiwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 46, ina aikin ofis a Yamai, nauyina kilo 98. An ce jinina ya fara hawa, aka ɗora ni kan magani, aka kuma ce in riƙa motsa jiki. Na fara gudu da asuba a kewayen filin wasa na Seyni Kountché, amma bayan mako biyu gwiwata ta dama ta soma ciwo. Abokaina suka ce gudu yana cinye gwiwa, in koma keken ɗakin motsa jiki. A can mai horarwa ya ce in ɗaura leda a ciki, in sa rigar ruwa, kada in sha ruwa sai na gama, wai ta haka kitse ke narkewa. Ran nan jiri ya ɗebe ni har na zauna a ƙasa. Hankalina ya tashi. In bar gudu ne, ko keken ne bai karɓe ni ba?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ta fuskar zuciya da hawan jini, gudu da keke duk hanya ɗaya suka nufa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, kuma ba ta ce sai da ƙafa ko sai da feda ba. Bambancin yana ga gaɓoɓi. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafarsa tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa, alhali a kan keke sirdi ne ke ɗauke da yawancin nauyin. Saboda haka a halin da kake ciki keke ya fi dacewa da kai na wata biyu ko uku, da sharaɗin ka ɗaga sirdin yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta kai ƙasa, domin sirdin da ya yi ƙasa shi ma yana kawo ciwon gaban gwiwa.

Zancen abokanka na cewa gudu yana cinye gwiwa kuwa bai inganta ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara bayanan mutane fiye da 100,000 ya samu zaizayar guringuntsin gwiwa ko ƙugu a kashi 3.5 cikin ɗari na masu gudun nishaɗi, da kashi 10.2 na waɗanda ba sa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gudun gasa. Abin da ya taɓa gwiwarka gaggawa ce: jikin da ya shekara goma a kujera aka ce ya yi gudu kullum a kan kwalta. Gudu yana da falalar da keke ba shi da ita wajen ƙarfafa ƙashi, don haka idan ciwon ya lafa ka dawo masa sannu, tafiya minti biyu, sassarfa minti ɗaya. Idan gwiwar ta kumbura ko tana maƙalewa, a duba ta tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne ledar nan, kuma kusan kullum sai na yi wannan faɗa a ɗakin duba marasa lafiya. Zufa ba kitse ba ce. Ruwa ce da ɗan gishiri, jiki ke fitar da ita don ya huce, kuma ba ta sanyaya mutum sai ta bushe a kan fata. Wanda ya naɗe kansa da leda ya toshe wa jikinsa hanyar hucewa ke nan, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. A kan keken ɗaki haɗarin ya ninka, domin mai gudu a waje iska tana bugunsa, shi kuwa mai keken ɗaki yana wuri ɗaya, sau da yawa a ɗakin da fankarsa ta tsaya saboda an ɗauke wuta. Shi ya sa za ka ga zufa ta taru a ƙarƙashin keken kamar an yi ɓarin buta, mutum yana murna wai tumbi ne ke zuba.

Mu yi lissafi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Mai nauyinka idan ya yi gudun kilomita 5 zai ƙona kusan 500. Ke nan sai ya maimaita haka sau goma sha biyar kafin ya ƙona kwatankwacin kilo ɗaya, shi ma idan bai rama da fura mai sukari ba. To kilo ɗaya da rabin da sikeli ke nuna ya ragu bayan awa guda cikin leda, daga ina ya fito? Ruwa ne. Ka sha ledar ruwa uku ta rabin lita, ka sake hawa sikelin, za ka tarar da kayanka cif.

Abin da ake biya a madadin wannan ruɗi ba kaɗan ba ne. Jini yana kauri, zuciya tana ƙara bugu, jinin da ke isa ƙoda yana raguwa, kuma idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum na iya ruɗewa ya faɗi. Na taɓa karɓar wani matashi da aka kawo bayan irin wannan horo, cinyoyinsa sun sandare, fitsarinsa kamar shayin da aka bari ya dahu sosai, alamar naman jikinsa ya farfashe yana cutar da ƙoda. Kai kuma kana shan maganin hawan jini, wasu daga cikinsu aikinsu sa fitsari ne, ka ga an haɗa rashin ruwa biyu. Jirin da ya zaunar da kai gargaɗi ne, ka kai labarinsa ga likitan da ya rubuta maka maganin kafin ka koma.

Abin takaici, duk wanda ya yi kwanji ya rataya usur ya zama mai horarwa, babu mai tambayarsa takarda. A bakin ƙofa kuma ga masu tallar magani a tire suna jira da shayin rage tumbi, wanda yawancinsa maganin sa zawo ne ko na sa fitsari, da diklofenak da tramol na kashe ciwon gwiwa. Shan diklofenak cikin ƙishirwa zalunci ne ga ƙoda, kuma rufe bakin ciwo don a ci gaba da gudu ganganci ne. Jikin nan amana ce, Malam, ba a miƙa shi ga wanda bai san inda ƙoda take ba.

Ka cire ledar, ka sa riga mara nauyi, ka ajiye gorar ruwa a gabanka. Ka fara da minti 20 sau uku a mako, da ƙarfin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba. Idan ka ji nauyi a ƙirji ko numfashi ya sarƙe, ka sauka nan take a kai ka asibiti. Ka auna ƙugunka da tef ɗin tela yau, daidai cibiya, ka sake aunawa bayan wata biyu, ka rubuto mini abin da ka gani.