Kada Ka Taɓa Murfin Robar Nan

Ka tambaye ni, yaro, yadda za a rage zafin babbar kwamfutar aikin nan da aka kawo mana daga Arkilla, irin wadda kamfani ya haɗa ya rufe abinsa, kuma ka ce a ganinka a cire murfin gefe a ƙara fanka biyu. Da na ji haka raina ya ɓaci, domin wannan dabarar ce ta ci mini kuɗin da har yau ban huce ba.

Shekara shida da suka wuce, a tsakiyar Afrilu, wani mai zanen gine-gine ya kawo mini irin wannan injin, mai firosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) samfurin Xeon, yana kukan cewa da zarar ya ɗora mata aiki mai nauyi sai ta riƙa jan ƙafa, fankokinta suna ruri. Da na gwada ta, firosesar ta haura digiri 90, inda take rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Na canja man da ke tsakaninta da ƙarfen da ke zuƙe zafi, wanda ya bushe kamar yumɓu, na ɗaga gudun fanka a cikin BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na mayar da komai mazauninsa, zafin ya sauka zuwa saba'in da 'yan kai. Ya biya rabin kuɗi, ya ce ciko na nan tafe. Bayan mako uku sai ga shi da mutum biyu, wai na kashe masa madabod, wato babban allon da duk sassan kwamfutar ke haɗe a kansa. Da na buɗe, murfin robar da ke kai iska kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfutar, ba ya ciki, kuma an ɗaure wata fankar kasuwa da waya, an cusa bakin wayarta da ƙarfi inda ba nata ba. Ya rantse a gaban jama'a cewa haka ya karɓe ta daga hannuna. Ba ni da hoto, ba ni da takarda, dattawan layinmu suka ce a yi sulhu, ni kuwa na ji kunyarsu. Da kuɗin aljihuna na yi odar wata madabod daga Ikeja, domin irin wannan akwatin ba ya karɓar kowace sai tasa, cikon kuɗina kuma bai zo ba har yau. Daga baya ƙanensa da bakinsa ya gaya wa wani yarona cewa shi ya yi aikin, bayan ya kalli bidiyo a YouTube.

Halinku ke nan, yaran yanzu. Bidiyon minti biyar ya ishe ku ku ɗauka kun fi injiniyan da ya zana akwatin, alhali mai bidiyon yana zaune a ɗaki mai sanyi a Turai. Waɗannan injinan an tsara iskarsu ta shiga ta gaba, ta bi kan ram da ƙananan sassan da ke daidaita wutar firosesa, ta fita ta baya, kuma sassan nan ba su da fankar kansu, da wannan iskar kaɗai suka dogara. Idan ka cire murfin gefe ko na roba, iskar za ta watse, ma'aunin firosesa ya nuna maka lafiya lau, alhali gefenta yana dahuwa a ɓoye.

Ba zan tsaya koya maka hure ƙura ko shafa mai ba, wanda bai iya wannan ba bai kamata ya riƙe sukudireba a shagona ba. Abin da za ka kula da shi shi ne bakin wayar fanka. Ta kasuwa waya huɗu gare ta: ta ƙasa (wato nagetif), ta wutar bolt 12, ta ƙirga gudu, da ta sarrafa gudun. Wasu kamfanonin kuwa suna amfani da baki mai rami biyar, ko su sauya jerin wayoyin, saboda haka ka bi kowace waya da mita kafin ka haɗa, in kuma kana shakka ka ɗauko wutar daga wayar SATA, wato wadda ke ba faifan ajiya wuta. Man nan mai kama da narkakken ƙarfe ma kada ya shigo mini shago, domin galiyom ɗin da ke cikinsa yana cin alminiyom.

Sannan ka tambayi mai kwamfutar inda yake ajiye ta. Yawancin waɗannan injinan an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Sakkwato muna haura 40 a bazara, ga hazon hunturu da ke toshe ragar gaba. In a ƙasa take jingine da bango, ko cikin rufaffen kabad, ko fanka goma ka sa iska mai zafi za su juya. Gobe da safe ka rubuta zafinta kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, ka sake rubutawa bayan ka gama, ka ɗauki hoton cikinta da murfin robar a mazauninsa, mai ita ya sa hannu a takarda kafin ta bar shagon nan.