Me Ya Sa Dokar Baƙi A Amurka Ba Ta Zama Wuri Ɗaya?

Tambaya: Malam, ƙanena ya shekara shida yana jiran takardar zama a Amurka. Duk sanda aka sake shugaba sai ya kira ni ya ce al'amura sun juya. Shin ƙasar ba ta da tsayayyar doka a kan baƙi ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, doka kam akwai, sai dai ta tsufa, kuma masu gyara ta ba sa ga maciji da juna. Rabon da majalisar Amurka ta halasta zaman miliyoyin baƙi tun 1986, zamanin Ronald Reagan, lokacin da kusan mutum miliyan 2.7 suka sami takardu. Adadin bizar iyali da ta aiki da ake bayarwa duk shekara kuwa, har yau na dokar 1990 ne.

Ba wai ba a gwada ba. A 2013 majalisar dattawa ta amince da wani babban ƙudiri da ƙuri'a 68, amma majalisar wakilai, wadda ke hannun 'yan Rifablikan, ko ƙuri'a ba ta kaɗa a kansa ba. A 2024 ma sanatocin ɓangarorin biyu sun yi sulhu, zaɓe ya gabato, ƙudirin ya bi ruwa. Ɗan majalisar da ya sassauta ya san magoya bayansa za su iya kayar da shi a zaɓen fid da gwani.

Da majalisa ta cije, sai kowane shugaba ya koma ga alƙalaminsa. Obama ya kafa shirin DACA a 2012 don kare waɗanda aka shigo da su tun suna yara, Trump ya yi yunƙurin soke shi a 2017, Kotun Ƙoli ta taka masa birki a 2020. A shekarar ce kuma Trump ya hana 'yan Najeriya bizar ƙaura, Biden ya ɗage haramcin ranar da aka rantsar da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutane irin ƙanenki ne ake wasan ƙwallo da rayuwarsu: aure ya tsaya, aiki ya tsaya, uwa ta tsufa ba ta ga ɗanta ba.

Ki gaya masa, duk labarin da ya ji, ya fara bincika ko majalisa ce ta yi doka ko umarnin shugaba ne, domin umarni, shugaban da ya biyo baya na iya share shi rana ɗaya. Kada ya bari takardarsa ko ɗaya ta ƙare, kada kuma ya fita ƙasar sai ya tuntuɓi lauyansa.