Amsa ga Yaya kan dariyar limaman Buddha

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Na ga hoton gunkin da ka turo, mai ƙaton tumbi, baki har kunne, da tambayarka: wai ashe addinin Buddha na mutanen Tailan da muke zaune a cikinsu na dariya ne? Ka kuma ce wani malamin makaranta ya gaya maka akasin haka, cewa limamansu ko haƙori ba sa buɗewa. Kowannenku ya riƙo wani gefe na gaskiya.

Mu fara sallamar gunkin. Ba shi ne Buddha ba. Wani sufi ne ɗan ƙasar Sin mai suna Budai, wanda ya rayu wajen ƙarni na 10, yana yawo da buhu a kafaɗa. Sinawa suka mai da shi alamar arziki, shi ya sa za ka gan shi a shagunan Sinawa na unguwar Yaowarat a nan Bankok. Shi wanda ya kafa addinin, Gotama, wanda ake kira Buddha, ya rayu ne a arewacin Indiya kimanin shekara 2500 da suka wuce, kuma yadda 'yan Tailan ke sassaƙa shi ba shi da tumbi, idanu a sunkuye, baki a rufe, sai ɗan murmushin da sai ka lura za ka gani.

A rubuce kam, malamin nan ya fi ka kusa da gaskiya. Limami a Tailan yana ƙarƙashin dokoki 227, waɗanda suke taruwa su karanta sau biyu a wata. A cikinsu akwai 75 na ladabi zalla, yadda ake tafiya da zama da cin abinci, kuma biyu daga ciki sun hana shi ƙyalƙyala dariya idan ya shiga cikin gidajen jama'a, yana tafe ko yana zaune. An hana shi yi wa ɗan'uwansa cakulkuli, kuma dalilin da suke bayarwa shi ne wasu limamai sun taɓa yi wa wani cakulkuli har numfashinsa ya ɗauke, ya mutu. An hana shi ɓoye wa wani ƙoƙon bara ko mayafi ko da tsokana ce. Sun ruwaito Gotama yana cewa, a tsarinsa waƙa kuka ce, rawa hauka ce, yawan dariya har haƙora su bayyana kuwa yarinta ce, murmushi ya isa. Ya kuma gargaɗi ɗansa Rahula kada ya yi ƙarya ko da wasa. Na san kana karanta wannan kana tuna hadisin yawan dariya na kashe zuciya. Ba haɗa addinan nake yi ba, Allah Ya kiyaye, amma ni ma da na fara jin haka sai da na jinjina kai.

To amma ka zo lokacin karatun Mahachat ka ga abin mamaki. Labari ne na wani ɗan sarki mai suna Wetsandon da ya yi kyauta da duk abin da ya mallaka, har 'ya'yansa, kuma sun ɗauke shi a matsayin rayuwar Buddha ta baya. An kasa shi babi 13, limamai na karɓa-karɓa, ana so a gama cikin yini ɗaya. Babi na biyar na wani tsoho ne mabaraci, Chuchok, mummuna, marowaci, da ya auri yarinya ƙarama tana juya shi yadda take so. Wurin bautar unguwarmu bango ɗaya ya raba shi da layinmu, lasifika kuma ba ta neman izini, daga baranda nake kallon komai. Tsofaffin mata na zaune kan tabarma, ƙafafu a lanƙwashe gefe guda, tafin hannu a haɗe a ƙirji. Limamin na bisa kujera mai tsayi, riƙe da dogon ganyen da aka rubuta karatun a kai. Da ya iso wurin Chuchok sai ya sauya murya, ya maƙe ta kamar ta tsoho mai tari, ya koma ta amarya mai tsiwa, matan nan su yi ta dariya suna share hawaye da gefen gyale, hannu ɗaya bai bar ƙirji ba. Ƙarshen tsohon a labarin ma abin dariya ne: ya samu abincin fada, ya yi ta ci har cikinsa ya fashe.

Abin da nake so ka lura da shi, shi limamin fuskarsa ba ta motsa ba. Ya sa ɗaki guda dariya, shi bai yi ba. A ganina iyakar ke nan a wurinsu. Raha halal ce idan ita ce za ta riƙe mai sauraro har wa'azin ya shiga, amma limami, mai mayafin ruwan goro, yana cin abincin da talaka ya zuba masa a ƙoƙo da asuba, kuma talakan ya zuba ne don yana ganin mutumin ya fi shi kame kai. Manyansu da dama sun shahara da barkwanci a kan wannan layi. Ajahn Chah na lardin Ubon Ratchathani, wanda ya rasu a 1992, horonsa na da tsanani ƙwarai, amma almajiransa har yau suna ba da labarin zolayarsa. Phra Payom na wurin bautar Wat Suan Kaew ya yi suna tun zamanin kaset saboda wa'azi mai ban dariya.

Rigimar ta fito fili a watan Satumba na 2021, lokacin kullen korona. Limamai biyu na Wat Soi Thong a nan Bankok, Phra Maha Sompong da Phra Maha Paiwan, suka fara hira kai tsaye a Facebook, suna amfani da kalaman samari, suna tsokanar juna, suna taɓa 'yan siyasa, su da kansu suna tuntsirewa da dariya. Mutum sama da 200,000 suka kalla a lokaci guda. Matasa suka ce yau ne suka ji wa'azin da bai sa su barci ba, dattawa suka ce an zubar da mutuncin mayafi. Maganar ta kai har kwamitin harkokin addini na majalisar wakilai ya kira su, aka tsaya kan cewa wa'azi ya zama kashi 70, raha kashi 30. Ni dai ban san da wane mudu ake auna dariya ba. Kafin shekarar ta ƙare dukansu biyu sun ajiye mayafin, ko da yake wasu matsalolin ma sun shiga ciki. Kada ka ɗauka ridda ce. A nan mutum na iya shiga limanci na wata uku ko na shekara talatin, ya fita ya koma kasuwa, ba wanda zai tsangwame shi.

Mu kuma Hausawan da muke harkar kaya a kasuwar Pratunam ta Bankok, abin da muke fara gaya wa baƙon da ya sauka shi ne kada murmushin mutanen nan ya ruɗe shi. Ɗan Tailan yana murmushi idan ya ji daɗi, yana yi idan ya ji kunya, yana yi idan ka ɓata masa rai. Suna son wasa, za ku yi ta zolaya da mai shago kan farashi har ya rage maka. Amma abu uku ba ma sa bakinmu da wasa: limami, gunki, da sarki. Ko su da kansu suka fara ba'a da wani limami mai son kuɗi, kuma suna yi sosai, mu namu sauraro ne. Na sarkin ma ya wuce ladabi, doka ce, sashe na 112, ɗaurin shekara 3 zuwa 15. Ka gaida Hajiya da yaran.