Me Ya Hana A Tayar Da Tsofaffin Jiragen Yaƙinmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Garwa. Na ga bidiyo a Facebook na jiragen Yaƙin Duniya na Biyu suna shawagi a Ingila kamar jiya aka ƙera su, alhali namu tsofaffin na soja suna jibge rana na dukansu. Mu da muke tayar da Fijo 504 da ta shekara arba'in, me zai hana a gyara ko guda ɗaya a riƙa tashi da shi ranar faretin 20 ga Mayu, ranar ƙasa ta Kamaru? Kuɗi ne babu, ko hatsari ake tsoro?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun ne, kuma ba sa rabuwa, domin a harkar tsohon jirgi duk inda aka yi tsimin kuɗi, nan hatsari yake shigowa.

Fijo idan ta ƙi, sai ka gangara gefen titi ka buɗe bonet. Wannan damar ce jirgi ba shi da ita, shi ya sa ba a jira abu ya lalace kafin a canza shi. Kowane muhimmin ƙarfe a jikinsa yana da wa'adi a rubuce: wani da sa'o'in tashi ake ƙirga masa, wani da yawan sauka, wani da shekaru ko da ba a taɓa kunna injin ba. Wa'adi na cika za a cire shi, ko da ido na ganinsa garau.

Dalilin haka shi ne gajiyar ƙarfe. Duk lokacin da jirgi ya tashi, ya karkata, ko iska ta girgiza shi, fukafukansa suna ɗan lanƙwashewa su dawo. Na yaƙi kuwa nasa ya fi muni, don juyin da matuƙi ke yi kan ɗora wa fiffike nauyin jirgin ninki biyar ko shida. A hankali sai tsaga ta fara daga bakin ramin ƙusa, siririya ƙasa da silin gashi, a ƙarƙashin fenti. Masu dubawa sukan kankare fentin, su shafa wani jan ruwa, su goge, su fesa farar hoda. Idan akwai tsaga sai ka ga jan zare ya ɓullo a cikin farin. Matsalar ita ce ginshiƙin fiffike, wanda duk nauyin ke kansa, a can ciki yake, sai an farke jirgin kafin a kai gare shi. A watan Yunin 2002 wani jirgin dakon kaya C-130 ƙirar 1957, tsohon na sojan Amurka da aka mayar na kashe gobarar daji, yana cikin zuba ruwan kashe wuta a Kalifoniya fukafukansa biyu suka naɗe sama suka rabu da gangar jikin. Mutum uku na ciki suka rasu, kuma bincike ya gano tsagar gajiya ce da ta taso daga ramukan ƙusa. A 2023 ma hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarnin a duba mahaɗar fukafukan duk B-17 da suka rage, wato masu jefa bom na Yaƙin Duniya na Biyu, kafin su ci gaba da tashi.

Ga kuma yanayinmu. Mutane sukan ce ai busasshiyar ƙasa tana adana ƙarfe, kuma da gaskiyarsu, don Amurkawa a hamadar Arizona suke ajiye dubban jiragensu. Amma su sukan tsiyaye mai, su toshe kowace kafa, su lulluɓe jirgin da wata farar roba. Wanda aka bari haka nan a filin Garwa ko Njamena, zafin Maris da Afrilu mai wuce digiri 40 zai busar da robobin da ke riƙe mai har su riƙa marmashewa a hannu, rigar wayoyin lantarki ta tsattsage, gilashin matuƙi ya yi hazo. Ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, damina ta zo ta jiƙa ta, tsatsa ta kama daga ciki. Zanzaro ma ba ya raina jirgi: yakan gina ɗakin laka a cikin ɗan bututun da ke auna gudu, matuƙi ya tashi agogo na yi masa ƙarya. Guguwar da ta afka wa sansanin Njamena a farkon Yulin 2017 ta lalata jiragen sojan Chadi da dama, kuma waɗannan masu aiki ne da ake kula da su.

Kayan gyara su ne inda yawancin masu wannan buri suke sarewa. Fouga Magister, mai wutsiya kamar harafin V, wanda sojan Kamaru suka yi amfani da shi, ya fara tashi ne a 1952. Skyraider da Faransa ta ba Chadi a tsakiyar shekarun 1970 injinsa mai silinda 18 ne, ƙirar zamanin yaƙin duniya. Masana'antun sun daɗe da rufe layin ƙera su. Abin da ya rage shi ne a sayi jirgi biyu ko uku a riƙa cire na wannan ana sa wa wancan, ko a ba da a ƙera sabo ɗaya tak da tsadar gaske. Kuma ba kowane ƙarfen da ya shiga ramin ake ɗaurawa ba. Sai mai takardar da ta nuna inda aka yi shi da sa'o'in da ya yi aiki. Jirgin da littafin tarihin gyaransa ya ɓace, a wurin injiniya kusan gwangwan ne, ko da fentinsa na ƙyalli.

Sai mutane. Ingila ta tayar da tsohon jirginta mai jefa bom, Vulcan, a 2007 bayan an kashe miliyoyin fam da jama'a suka tara. A 2015 aka ajiye shi har abada, kuma babban dalili shi ne kamfanonin da ke tsaya masa ta fuskar fasaha sun janye, don injiniyoyin da suka san shi sun yi ritaya. Idan ƙasar da ta ƙera abu ta kai ga haka, ka auna namu.

Batun mai ba sai an tsawaita ba. B-17 yana shan kusan lita 750 a sa'a ɗaya. Injin mai fistin kuma ba kananzir ɗin jiragen fasinja yake sha ba, Avgas ne mai dalma a ciki, wanda samunsa a yankinmu sai an yi odar durom-durom. Ƙara inshora, da rumfar ajiya, da albashin ƙwararru na shekara guda, duk saboda minti goma na fareti. Kuɗin sayen jirgin shi ne mafi ƙanƙanta a lissafin. Abin da ka gani a bidiyo ɗin ma kaɗan ne suka rage: an ƙera Lancaster, mai jefa bom na Ingila, guda 7,377, biyu ne ke tashi a yau, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada. B-29 na Amurka ma biyu.

Su ɗin ma da duk kuɗinsu ana rasa rayuka. A Oktoban 2019 wani B-17 mai ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ya faɗi a Kanetikat ta Amurka, mutum 7 cikin 13 suka mutu. Da aka buɗe injinan sai aka tarar da abin da kai ma za ka gane nan take: fulogai sun cinye, wayar maganeto kuma an ɗaure ta da waya don kar ta zame. A Afirka ta Kudu a 2009, wani tsohon jirgin yaƙi Lightning ya rasa ƙarfin haidurolik a sama, matuƙin ya ja kujerar tsira, wadda ke harba shi waje, ba ta fita ba, kuma bincike ya nuna lokacin duba ta ya riga ya wuce. Wannan kujerar da harsasan wuta take aiki, kuma su ma suna da ranar ƙarewa kamar magani.

Wanda ya fi tsaya mini a rai game da shawararka shi ne na Shoreham a Ingila, 22 ga Agustan 2015. A wani bikin nuna jirage, jirgin yaƙi Hunter na shekarun 1950 ya kasa kammala juyi, ya faɗo kan babban titi, ya kashe mutum 11 a ƙasa. Matuƙin ya rayu. Ba a sami wani lahanin da ya hana jirgin tuƙuwa ba, juyin ne aka shiga ba da isasshen tsayi da gudu ba. Wannan wata matsala ce ta daban: jirgin da ake tsimin sa'o'insa, matuƙinsa ba ya samun atisaye isasshe a kansa. Ka tuna yadda jama'a ke cika filin fareti a garuruwanmu, yara a kan katanga da bishiyoyi.

Kar a haɗa wannan da tsohon jirgin da ke bakin aiki. B-52 na Amurka an ƙera na ƙarshensu a 1962, kuma ana shirin sa musu sababbin injina su kai shekarun 2050. Alpha Jet ɗin da kake jin rugugin su a Garwa tun shekarun 1980 suke. Irin waɗannan suna da runduna a bayansu, da kasafi, Alpha Jet ɗin ma da ƙasashe da dama masu amfani da irinsa, don haka ana samun kaya da masu ilimi. Ko su ɗin, duk shekara sa'ar tashinsu ƙara tsada take yi, kuma a ganina duk sefar da soja ke da ita gara ta tafi kan masu sintiri a yankin Tafkin Chadi.

Abin da nake goyon baya shi ne a adana su a ƙasa. A tsiyaye mai, a cire harsasan kujera, a ɗaga jirgin kan ƙarfe don tayoyi su huta, a yi masa rumfa da allon bayani, 'yan makaranta da masu koyon aikinku su zo su gani. Muna da tarihin da za a rubuta a allon: daga Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, rundunar Leclerc, kwamandan Faransa, ta kama hanyar Kufra ta Libiya a 1941, kuma a Maris 1987 sojan Chadi suka ƙwace sansanin Wadi Dum da ke arewacin ƙasarsu da jiragen Libiya a ciki.

Gargaɗi ɗaya gare ku makanikai da 'yan gwangwan: idan kayan tsohon jirgin soja suka faɗo hannunku, kar ku sa wuta ko guduma a jikin kujera ko wani bututu da ba ku san shi ba. Agogunan jiragen wancan zamani kuma da yawa an shafa wa allurarsu fentin radiyom don su haska da dare, kuma ƙurarsa guba ce idan aka fasa gilashin aka shaƙa. Masu sha'awar zuwa Wadi Dum ɗebo ƙarfe su sani cewa an binne nakiyoyi a yankin tun lokacin yaƙin.