Giya ta biyu tana fita da kanta: zan iya gyarawa a gida?

Tambaya: Malam, na gaji wani tsohon babur ƙirar Honda na shekarun 1970. Injinsa lafiya lau, amma da na ja wuta a giya ta biyu sai ta kuɓuce ta koma firi. Zan iya buɗe shi da kaina, ko dole sai bakanike?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma kada ka raba injin tukuna. Fara da abin da ke waje. Duba ko fedar giya ta yi lako-lako a kan sandarta, ka daidaita wayar kuloci, sannan ka cire murfin gefen kuloci ka duba ɗan sifirin ɗin da ke riƙe gangar sauya giya (ƙarfen da ke juyawa in ka taka fedar giya) a mazauninta. In ya saki, giya ba ta shiga har ƙarshe, kuma sauya shi aikin yamma ɗaya ne. Ka juye baƙin mai a faranti mai tsabta ka ja maganaɗisu a ciki. Ɗan gari mai laushi ba komai ba ne a tsohon inji. Ɓarɓashi mai kaifi kuwa yana nufin sai an buɗe.

Yadda ka kwatanta, ina zargin ƙugiyoyin gefen giya. Haƙoran giyoyin babur kullum a sarƙe suke da juna, ba su ne ke shiga da fita ba. Abin da ke kamawa su ne ƙugiyoyin nan, wasu 'yan dunƙulallun ƙarfe a gefen giya ɗaya, suna faɗawa ramukan ta kusa da ita. Gefensu na asali a miƙe yake, mai kusurwa. Shekaru suna cinye kusurwar ta zama zagaye, sai ƙarfin inji ya riƙa tura su waje. Giya ta biyu ta fi shan wannan wahala domin daga ta ɗaya sai an tsallake firi kafin a kai ta, masu gaggawa kuma ba sa taka ta sosai. Duk fitar da ta yi tana bugun cokalin, wato ƙarfe mai baki biyu da ke tura ta, har ya lanƙwashe ko ya yi shuɗi saboda zafi. Don haka ka sauya giyoyin biyu tare da cokalin. Sauya ɗaya kawai asarar kuɗi ce, kuma cokalin da aka miƙe da guduma ba na yarda da shi.

Nauyin aikin yana nan: tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Norton da yawansu akwatin giyarsu daban yake, a cire a ɗora a tebur. Na Honda a cikin cikin inji yake, sai ka sauke injin ka raba shi biyu. Ƙusoshin murfinsa na ma'aunin Japan ne, sukudireba ta yau da kullum tana cinye musu kai, gara ka nemi wadda ake bugawa da guduma. In ɓangarorin biyu sun ƙi rabuwa, akwai ƙusar da ka manta. Kada ka cusa ƙarfe a tsakani, alminiyam ne, zai yi ta yoyon mai har abada.

Ɗauki hoto a kowane mataki, ka zura giyoyi da wasoshi ('yan faifayen ƙarfe masu rami a tsakiya) a jikin wayar ƙarfe yadda suka fito, domin ko guda ɗaya a gurbin da ba nasa ba ya isa ya hana giya shiga. Zoben makulli kuwa, mai riƙe giya a kan sandarta, sabo ake sawa. In za ka sauya boris, ɗumama gidansa zuwa kusan digiri 100 na ma'aunin Celsius, zai fita ba sai an buga shi ba. Kafin ka rufe, juya gangar da hannu ka ga kowace giya ta shiga.

Da yake inji da kuloci da giya mai ɗaya suke sha, zuba na babur mai alamar JASO MA, wadda ke nuna ya dace da kulocin da ke aiki a cikin mai, domin wasu na mota suna sa kuloci santsi.