Me Ya Sa Tekun da Na Haɗa wa Jirgina Ya Ƙi Kama da Teku?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina harhaɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali mutum ya manna da kansa. Kwanan nan na gama jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, samfurin VIIC, a ma'aunin 1/144 (wato an rage girmansa sau 144), na so in nuna shi yana tafiya a saman teku. Na haɗa akwati, na zuba rezin, ruwan robar nan mai daskarewa ya yi tauri, mai launin shuɗi, kaurin yatsu uku a zubi ɗaya. Abin ya ɗau zafi har gefen jirgin ya lotsa, da ya daskare kuma sai ya fito sumul kamar gilashin tebur. Na samo wani jirgin zan sake. Ina na kuskure, kuma yaya ake fitar da igiyar ruwa da kumfa?

Amsa: Sannu da asara, ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Kusan duk wanda ya taɓa wannan aiki ya ƙona jirgi ɗaya ko biyu kafin hannunsa ya faɗa, ni ma nawa na farko haka ya ƙare, hasumiyarsa, wato ɗakin nan da ke tsaye a bisa doron jirgin, ta karkace kamar an taka ta.

Batun zafin ba shi da wuyar bayani. Rezin na ifoksi ruwa biyu ne, kuma haɗuwarsu ce ke fitar da zafi yayin daskarewa. In zubin ya yi kauri, zafin ba ya samun hanyar fita, sai ya ƙara wa daskarewar sauri, saurin kuma ya ƙara haifar da wani zafin. Robar da ake yin waɗannan jirage da ita kuwa tana fara laushi tun kafin a kai digiri 100, ga ta siririya, cikin jirgin kuma fanko ne. Ka ga ai dole ta lotsa.

Amma ko da zafin bai yi maka ɓarna ba, da wuya ka samu abin da kake nema. Aikin rezin shi ne ya kwanta ya daidaita kansa, teku kuwa ba ya kwanciya. Bayan haka, in ka duba hotunan jiragen nan a tekun Atlantika lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ba za ka hango cikin ruwan ba sam. Abin da ido ke gani shi ne tudu da kwari, duhu da haske, da farin kumfa. Saboda haka jirgin da ke tafiya a sama sassaƙa masa teku ake yi a yi masa fenti, sa'annan a sa masa ƙyalli. Zubin rezin mai kauri na wanda yake son nuna jirgi a nutse ne, zan taɓa wannan daga baya.

Fara da allon sitarofom mai kaurin santimita 5 ko fiye, irin mai ƙarfin nan da ake sa wa bangon gini don tare zafi da sanyi, domin ya fi farin nan mai 'ya'ya-'ya'ya daɗin yanka. Manna shi a kan falankin katako don kada ya tanƙware. Jirginka na gaske tsawonsa mita 67 ne, wato kusan santimita 47 a hannunka, don haka allo mai tsawon santimita 65 da faɗin 30 zai ishe ka. Kada ka ajiye jirgin a tsakiya ɗoɗar. Karkata shi kaɗan daga kusurwa zuwa kusurwa, ka bar fili a bayansa fiye da gabansa, domin a baya ne ruwan ke nuna inda jirgi ya bi.

Sai ka zana siffarsa a allon, ka ƙwaƙule rami ka zaunar da shi. A nan ne mutane da yawa ke jin tausayin aikinsu: sun sha wahalar fenti, ba sa so su binne rabinsa, sai su bar jirgin a bisa ruwa kamar kwale-kwale. Wannan jirgi yana nutsa kimanin mita 4.7 ko yana tafiya a sama, wato sama da santimita 3 a ma'auninka. Doronsa da hasumiyarsa da ɗan saman tankunan nan masu kumburi a gefe, su kaɗai ya kamata su fito. In kana son ganin girman abin da ruwa ke ɓoyewa, nemi hotunan U-995 da ke ajiye a kan tudu a Laboe, kusa da Kiel a Jamus, ɗan gidan naka ne. Ɗaga goshinsa sama kaɗan, ka ɗan kwantar da shi gefe guda da digiri biyu ko uku, nan take za ka ga ya yi rai. Kafin ka ci gaba, naɗe shi da siririyar leda don gam da fenti kada su ɓata shi, ya zama kana iya cire shi ka mayar har zuwa ƙarshen aiki.

Yanzu igiyoyin. Riƙe wannan lissafi a ka: igiya mai tsayin mita 2, wadda ba ƙarama ba ce, santimita 1.4 ce kacal a ma'aunin 1/144. Matuƙin jirgi da ke tsaye a hasumiya bai wuce santimita 1.2 ba. Duk tudun da ka sassaƙa, tsayar da ɗan mutum-mutumin a gefensa ka gani. In ya ninka shi uku, to guguwa ka yi, kuma sai kumfa da karkatar jirgi su dace da guguwa. Manyan igiyoyi su fito daga ɓangare ɗaya, dogaye masu gangara a hankali. Yanka su da reza mai kaifi, ka goge da samfefa.

Igiyar da jirgin kansa ke tayarwa ita ce ta fi ba ni sha'awa, domin tana da ƙa'ida. Masanin kimiyyar nan na Birtaniya, Lord Kelvin, ya nuna a 1887 cewa sawun jirgi a ruwa mai zurfi yana buɗewa ne da kusan digiri 19.5 a kowane gefe. Ba sai ka nemi ma'aunin kusurwa ba: daga goshin jirgin, duk santimita 10 da ka ja baya, ka buɗa santimita 3.5 dama da hagu. Yawancin masu farawa suna buɗe shi fiye da kima, sai ya zama kamar fukafukai. A cikin wannan buɗewar akwai wasu igiyoyin da ke gicciye, kuma tazararsu ce ke gaya wa mai kallo saurin jirgin. In yana gudun kilomita 18 ko 19 a awa, tazarar tudu da tudu kusan mita 17 ce, wato santimita 12 a wurinka, tudu huɗu ke nan a tsawon jikinsa. In ka ƙara masa gudu, tazarar ta ƙaru, yawan tudun ya ragu. Iyakar gudunsa a sama dai bai wuce kilomita 33 a awa ba, don haka kada ka yi masa feshin jirgin tsere. Kuma da yake goshin wannan samfuri mai kaifi ne, yanka ruwan yake yi ya nannaɗe shi gefe biyu. Jiragen ƙarƙashin ruwa na zamani masu kan ƙwai, waɗanda suka biyo bayan jirgin Albacore na Amurka na 1953, su ruwan hawa kansu yake yi sumul ya je ya fashe a baya. Kada a haɗa salon wannan da na wancan.

Da ka gamsu da siffar, shafe allon da farin gam na kafinta da aka ɗan sirka da ruwa, ka shimfiɗa tishu marar zane a kai, ka riƙa dangwala shi da buroshi yana jiƙe har ya yi 'yan ƙananan tamoji. Su ne ƙananan igiyoyin da iska ke yi. Bar shi ya kwana ya bushe. Wannan rufin kariya ce kuma, domin sufagulu da fentin feshi na gwangwani da rezin na foliyesta duk suna narkar da sitarofom tsirara.

Launi kuwa, ajiye shuɗin nan mai haske. Fuskar ruwa takan ari launin sararin sama, arewacin Atlantika kuma sau da yawa samansa gizagizai ne. Haɗa shuɗi mai duhu da ɗan kore da ruwan toka a fentin akirilik, ka zurfafa duhun a cikin kwari, ka sassauta shi a kan tudu. A jikin jirgin da kuma bayan farfela, inda iska ta cakuɗa da ruwa, sa kore mai haske da ya kusa fari, ka baje gefensa fentin yana ɗanye don kada iyaka ta fito. Wannan koren ne ke sa ido ya ɗauka akwai kumfa a ƙarƙashin ruwa.

Bayan fenti sai jel na akirilik mai ƙyalli, irin na Vallejo ko Liquitex. Fari yake fitowa daga gwangwani, in ya bushe ya koma garau. Shafa shi siriri-siriri, sau uku ko huɗu, kowanne ya washe kafin na gaba. In ka yi gaggawa ka labta shi da kauri, samansa zai bushe cikinsa ya zauna fari-fari har makonni. A shafi na biyu ne za ka cire ledar, ka zaunar da jirgin dindindin, ka cike tsagar da ke tsakaninsa da ruwan da jel, kana ɗan jan sa sama a jikin ƙarfen da tsinke.

Kumfa ita ce ke gyara aiki ko ta ɓata shi, kuma kaɗan ake so. Yagi auduga siririya har kana hango yatsanka ta cikinta, ka ɗora a kan jel yana ɗanye, ka ja zarenta da tsinke ta bi inda ruwan ya nufa, sa'annan ka jiƙa ta da wani jel ɗin. Busasshiyar auduga auduga ce kawai, kowa zai gane ta. Jiƙaƙƙiya kuwa sai ta zama kamar ragar kumfar nan da ke yawo a bayan jirgi. Farin fenti tsantsa a kan tsinin igiya kaɗai za ka taɓa shi, da buroshin da ka goge har ya kusa bushewa. Kumfar ta fi yawa a goshi da bayan farfela, tana raguwa tana yayyagewa yayin da take nisa.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Dubi jerin ramukan da ke gefen jirginka, ƙasa da doro. Ta nan ruwa ke shiga ya fita, domin rufin waje ba ya tare ruwa, gangar ciki ce ke tarewa. In igiya ta wuce ko jirgin ya taso, ruwa kan kwararo ta cikinsu. Shafa jel a kan leda ka ja shi zare-zare, in ya bushe ka ɓamɓare, ka yanka ƙanana ka liƙa daga bakin wasu ramukan zuwa saman teku, ba dukkansu ba. Sai ka sa ƙyalli a doro da ƙasan hasumiya inda ruwa ya taɓa, ka bar saman hasumiyar a dushe.

In kuma wata rana ka so nuna shi a nutse, to rezin ɗin zai yi amfani. Nemi wanda aka rubuta cewa na zubi mai zurfi ne, mai daskarewa a hankali cikin kwanaki, ko ka zuba na yau da kullum kaɗan-kaɗan, kada ka wuce kaurin da aka rubuta a jikin kwalbar. Toshe duk wata kafa a jikin jirgin, in ba haka ba iskar cikinsa za ta yi ta fitowa tana barin ƙwayoyi, kuma ka kafe shi da sandar roba garau don kada ya taso. Launin ɗigo-ɗigo ake sa wa, na ƙasa ya fi na sama duhu, domin ja ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa, shuɗi ne ke kai wa zurfi. Sa safar hannu, ka buɗe tagogi, domin ɗanyen ifoksi yana jawo ƙaiƙayin fata da kan zame wa mutum jiki.

Kafin ka taɓa sabon jirgin, yanki guntun sitarofom kamar tafin hannu ka gwada komai a kansa, tun daga tishu har auduga. Da ka gama babban aikin kuma ka yi masa murfin gilashi, ka nisanta shi da hasken rana kai tsaye, domin ƙura na manne wa jel, rana kuma na sa rezin ya koma ruwan ɗorawa.